Takalmin manne ga dokin da ya saba tafiya ba takalmi: kariya ce ko ɓarna?

Mai_Akawal:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da doki ɗan shekara tara wanda na cire wa takalmin ƙarfe shekara uku da suka wuce, kuma tun daga lokacin mai gyaran kofato yana zuwa duk mako biyar. A kan ƙasa mai laushi, ko yashi, ko ciyawa, ba shi da wata matsala, yakan yi tafiyar awa huɗu bai nuna gajiya a ƙafa ba. Amma da zarar mun hau hanyar tsakuwa sai ya fara gajarta taku yana neman gefen hanya, wani lokaci har ya ɗan rusuna idan ya taka dutse mai tsini. Na gwada takalman roba masu maɗauri, waɗanda ake sawa lokacin hawa a cire bayan an dawo. Suna aiki, sai dai sau biyu ɗaya yana fita a cikin taɓo, kuma idan tafiya ta wuce awa uku maɗaurin yakan goge masa fata a bayan dunduniya. Yanzu muna shirin tafiyar kwana biyar a jere a ƙasa mai duwatsu, da ƙetare rafi kusan kullum, kuma an ba ni shawarar takalmin da ake mannawa da gam. Abin da nake son sani daga waɗanda suka taɓa gwadawa shi ne, shin gam ɗin yana cutar da kofato, kuma shin zan rusa aikin shekara ukun da na yi wajen ƙarfafa masa ƙafa?

BabaShamaki:
Wa alaikumus salam. Yarona, ni na fi shekara arba'in ina tare da dawakai, kuma ban ga abin da ya hana ka buga masa takalmin ƙarfe don wannan tafiya kaɗai ba, in kun dawo ka cire. Ƙusar da gwani ya buga ba ta taɓa wurin da jini ko jijiya take, ta cikin mataccen bango take bi, kamar yadda ake yanke farce ba a ji zafi ba. Ramukanta kuma suna sauka tare da girman kofato har a yanke su. Ni abin da ba na so game da gam shi ne ana rufe abin da Allah ya halitta a buɗe, kuma duk abin da aka rufe a ƙafar doki ba ka san halin da yake ciki ba sai ranar da ka buɗe.

ƊanMagagari:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, amma ya kamata a raba abu biyu da mutane ke haɗawa a ƙarƙashin suna ɗaya. Akwai mai siffar ƙoƙo, wanda yake rufe tafin kofato gaba ɗaya tare da bangon, irin su Easyboot Glue-On. Shi wannan takalmin roba ne sak wanda aka cire wa maɗauri, an yi shi ne don tafiyar 'yan kwanaki, kuma masu yin sa sun daɗe suna ba da shawarar kada ya wuce kwana goma a ƙafa. Sannan akwai mai siffar takalmin doki na ainihi, na roba ko na alminiyam, wanda tsakiyarsa a buɗe take, ana manna shi ta gefen bango ko ta ƙasan bango, kuma yana iya zama har lokacin gyara na gaba, wato mako huɗu zuwa shida. Malam Mai_Akawal, tafiyarka ta kwana biyar ta fi dacewa da na farko.

Sana'ata ke nan, don haka bari in faɗi inda aikin yake lalacewa. A cikin takalman da na ga sun fita, kusan duka ba laifin gam ba ne, laifin shiri ne. Dole doki ya kwana a busasshen wuri kafin ranar. Bayan an gyara kofato, sai a kankare bangon da magagari ko samfefa har ya yi fari ya yi kaushi, a goge ƙurar da burushin waya, sannan a busar da shi da na'urar hura iska mai zafi, domin bangon da ido ke gani a bushe sau da yawa yana riƙe da danshi a ciki. Daga wannan lokaci ba a sake taɓa bangon da hannu, saboda maiƙon tafin hannu kaɗai ya isa ya hana gam kamawa. Idan an saba shafa wa dokin man kofato, a daina tun kwanaki kafin ranar. Ba a kuma ajiye ƙafar a kan ƙasa, sai a kan busasshen daɓe ko kwali mai tsabta. Gam ɗin kansa iri biyu ne da aka fi sani. Na foliyuretan yana kamawa da sauri ƙwarai, kana da kamar minti ɗaya ka sa takalmin ya zauna daidai, in ka yi jinkiri ka yi asarar gam da takalmin. Na akirilik yana ba ka lokaci kaɗan fiye da haka, amma yana fitar da zafi yayin da yake daskarewa, ga wari mai hawa kai, don haka a yi a fili a sa safar hannu. A lokacin sanyi dukansu suna jinkirin kamawa, shi ya sa nake ɗumama gam ɗin a cikin rigata kafin in fara.

Hajiya_Godiya:
Ni shaida ce a kan abin da Baba ya faɗa, kuma laifina ne ba na kowa ba. Na manna wa godiyata irin mai ƙoƙon nan don tafiyar kwana uku, muka je muka dawo lafiya. Da na ga sun zauna daram, ga ta tana taka tsakuwa kamar tana taka darduma, sai na ce a bar su, me zai sa in cire abin da yake aiki. Suka yi mako biyar, kuma lokacin ana ruwa. Ranar da aka cire, tun kafin takalmin ya gama fita wari ya bugi hancina. Tsokar nan mai kusurwa uku da ke tsakiyar tafin, wadda Turawa ke kira kwaɗo, ta yi laushi ta yi baƙi, ramin da ke tsakiyarta ya zurfafa har ƙarfen da nake share kofato da shi ya shige ciki, godiyar ta fizge ƙafa. Tafin kuma ya yi fari yana marmashewa kamar alli. Sai da na yi kusan wata biyu ina wankewa ina sa magani kullum kafin ta koma yadda take. Tun daga nan, ranar da na manna nake rubuta ranar cirewa a jikin bangon barga.

Likita_Dabbobi:
Hajiya, sannu da wahala. Abin da kika gani ruɓewar kwaɗo ce, kuma ƙwayoyin cutar da ke jawo ta irin waɗanda ba sa son iska ne, sun fi yaɗuwa a wuri mai duhu da danshi da ɗumi. Takalmin da ya rufe tafi, idan ruwa ya samu hanyar shiga bai samu ta fita ba, ya zama musu ɗaki. Haka ma cutar farin layi, wato inda bango ya haɗu da tafi: idan akwai 'yar tsaga a wurin aka shafe ta da gam ba tare da an tsabtace ba, ƙwayoyin za su ci gaba da cin bangon ta ciki suna hawa sama. Saboda haka ba a manna takalmi a kan kofaton da ke da ruɓa, ko ƙurji, ko sabon rauni. A warkar tukuna.

Amma ina so in mayar da Malam Mai_Akawal baya kaɗan. Doki mai shekara uku ba takalmi, wanda har yanzu yake jin tsakuwa haka, ya cancanci a tambayi dalili kafin a nemi abin rufewa. Abu na farko kaurin tafi. Hoton ƙashi yana nuna tazarar da ke tsakanin ƙashin cikin kofato da ƙasa, kuma abin da ake so shi ne kimanin milimita 15. Wanda ya gaza 10 sirara ne, kowane dutse zai ji shi. Abu na biyu, mai gyaran yana iya kankare tafin fiye da kima kowane zuwa. Abu na uku, wanda mutane suka fi rainawa, shi ne abinci. Yawan hatsi ko ɗanyar ciyawa mai yawan sukari yana iya haifar da ƙaramin kumburi a ganyayyakin da ke riƙe da ƙashi a jikin bango, cutar da ake kira laminaitis, kuma alamar farko sau da yawa ita ce wannan gudun tsakuwar. Ka duba bangon: idan akwai zobba-zobba da suka fi faɗi ta wajen dunduniya, ko farin layin ya miƙe ya yi faɗi ta gaba, to matsalar ba ta hanya ba ce.

MahayinTsauni:
Ni ina ganin ana tsoratar da mai tambaya fiye da yadda ya kamata. A gasar Tevis Cup da ake yi a tsaunukan jihar Kalifoniya a Amurka tun 1955, doki yana cin mil 100, kimanin kilomita 160, a cikin awa 24, ta kan duwatsu da kwazazzabai da kogi. A 2012 Garrett Ford ya zo na ɗaya a kan dokin da aka manna wa irin wannan takalmi. Idan ya jure wannan hanya, ban ga tafiyar kwana biyar da za ta gagare shi ba.

Ummu_Kili:
Malam MahayinTsauni, abin da ka faɗa haka yake, amma ka bar abu biyu. Mutumin da ka ambata shi ne mai kamfanin da ke yin takalmin, ke nan waɗanda suka manna masa gwanayen aikin ne, ba mai koyo a bayan barga ba. Sannan gasar kwana ɗaya ce, bayanta ana cirewa. Ta nuna cewa takalmin yana zama kuma yana kare ƙafa, wannan ba wanda ya musa. Tambayar Mai_Akawal ita ce abin da yake faruwa da kofaton a ƙarƙashi, kuma labarin Hajiya ya fi kusa da amsar wannan.

Ɗan_Kilisa:
Ku gafarce ni, ni sabon shiga ne, amma na karanta cewa dawakan daji ba sa sa komai kuma suna rayuwa a kan duwatsu. Jaime Jackson, wanda ya yi nazarin dawakan daji a yammacin Amurka a shekarun 1980, a kan wannan ya gina koyarwarsa ta gyaran kofato. Ashe ba haƙuri ya kamata a yi ba, a riƙa fita da dokin kan tsakuwa kaɗan-kaɗan har ƙafar ta taurara da kanta?

Likita_Dabbobi:
Ɗan'uwa, akwai gaskiya a ciki, kuma tsohuwar gaskiya ce, domin tun zamanin Girkawan dā marubuci Zenofon ya ba da shawarar a shimfiɗa dunƙulallun duwatsu a inda doki ke tsayawa don kofatonsa ya yi ƙarfi. Kofato yana sabawa da ƙasar da yake rayuwa a kanta, ba wadda yake ziyarta sau ɗaya a mako ba. Sai dai kwatancen dokin daji yana da iyaka. Brian Hampson da Chris Pollitt na Jami'ar Kwinsland sun bi dawakan daji na Ostireliya da na'urar bin sawu, suka samu suna tafiyar kimanin kilomita 16 a rana, kuma da suka bincika kofatan, sun samu alamun daɗaɗɗen laminaitis a da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a ƙasa mai tauri, duk da cewa daga waje kofatan suna da kyan gani. Ban da haka, dokin daji ba ya ɗauke da mutum da sirdi, shi yake zaɓar inda zai taka, kuma wanda ƙafarsa ta gaza ba ya rayuwa har a ƙirga shi. Sannan akwai lissafi mai sauƙi: bango yana girma kimanin milimita 6 zuwa 10 a wata. Idan hanya tana cinye shi fiye da yadda yake fitowa, kamar yadda kwana biyar a kan dutse za su yi, haƙuri ba ya ƙara masa tsawo.

BabaShamaki:
Likita ya yi magana, kuma ni ma ban ce a tafi da shi haka ba. Amma ɗana ƊanMagagari, ka amsa mini wannan. Kai da bakinka ka ce ana kankare bango har ya yi fari kafin a manna. Daga sama zuwa ƙasa ta gaba, bangon nan yana ɗaukar wata tara zuwa shekara kafin ya sauya. Idan ka kankare wuri ɗaya yau, ka sake bayan mako shida, ka sake kuma, me ya rage? Ana zargin ƙusa da huda rami shida ko takwas, amma ba a ƙirga abin da magagari ya ci.

ƊanMagagari:
Baba, wannan tambayar ta zauna, kuma ba zan kauce mata ba. Na taɓa karɓar dokin da aka yi wa manne sau biyar a jere, rabin bangonsa na ƙasa ya sirance har yana ɓarewa. Mai aikin yana kankarewa kamar yana sassaƙa turmi. Abin da ake buƙata kaushi ne kawai, ba rage kauri ba, kuma a zagaye na biyu tsohon gam ake cirewa, ba bango ba. Ɓarnar da ta fi wannan ma wajen cirewa take faruwa. Mai gaggawa yakan kama takalmin da awartaki ya fizge, sai gam ya tafi da ɓawon bango. Yadda ake yi shi ne a zura sukundireba mai faɗin baki tsakanin roba da gam, ana bugawa a hankali da guduma ana zagayawa, ko a goge gefen takalmin da magagari har ya saki da kansa. Ga manne sau ɗaya na kwana biyar zuwa bakwai, abin da za a rasa bai taka kara ya karya ba. Ga wanda zai mai da shi al'ada duk shekara, maganarka tana nan.

Inda gam ya fi ƙusa kuwa a fili yake: dokin da bangonsa ya sirance ko ya farfashe har ba inda ƙusa za ta kama, da wanda ƙafarsa ke ciwo ba ya jure bugun guduma, da 'yan tsako na dawakai masu karkatacciyar ƙafa waɗanda bangonsu bai isa ƙusa ba. Asali ma a asibitocin dawakai abin ya fara ƙarfi, kamar takalmin Sigafoos da aka ƙirƙiro a Jami'ar Fensilbaniya. Dokin tseren nan Big Brown, wanda aka san shi da matsalar tsagewar kofato, da takalman manne ya ci gasar tseren Kentucky Derby ta Amurka a 2008.

Hajiya_Godiya:
Malam ƊanMagagari, ɗan gyara kaɗan, 'ya'yan dawakai ai ba 'yan tsako ba ne, kada Baba ya kama ka da wannan. Tambayata kuma ita ce, da me kake cike tafin a ƙarƙashin ƙoƙon? Wanda ya yi mini bai sa komai ba, kuma ina zargin ta bayan dunduniya ruwa da yashi suka riƙa shiga.

ƊanMagagari:
Na karɓi gyara, Hajiya, 'yan dukushi nake nufi. Zarginki daidai ne. Ana cike ramukan gefen kwaɗo da tafin da wani abu mai laushi wanda yake zama kamar roba bayan ya bushe, da yawa suna amfani da Sikaflex, wasu kuma suna barbaɗa garin kofa salfet, shuɗin nan, kafin su cike, don ya hana ruɓa. Amma gam mai tauri kada ya kuskura ya gangara ƙarƙashin tafi. Idan ya daskare a wurin ya zama kamar tsakuwar da aka ɗaure wa doki a ƙafa, kowane taku yana danna wuri ɗaya, kuma cikin kwana biyu za ka ga ɗingishi, wani lokaci har ƙurji.

MahayinTsauni:
Akwai abin da ba a taɓo ba. Mai_Akawal ya tambaya ko zai rusa aikin shekara uku. Ni ina ganin roba tana lanƙwasa tare da kofato, dunduniya tana buɗewa tana rufewa idan an taka, kwaɗo yana samun matsi daga ƙasa, ke nan dokin yana nan a matsayin marar takalmi.

Ummu_Kili:
A nan ma ban yarda gaba ɗaya ba. Dokin da aka manna wa abu dare da rana yana da takalmi, ko da me aka yi takalmin. Kofatonsa ba ya gogar ƙasa, don haka yana tsawo ba tare da ya ci ba, kuma tafin da ya taurara saboda taka ƙasa yakan yi laushi idan ya daɗe a rufe. Nawa dokin yakan yi kamar mako ɗaya yana taka-tsantsan bayan an cire, sannan ya dawo daidai. Ban ɗauki wannan a matsayin hasara ba, amma ban kuma kira shi rashin takalmi ba.

Mai_Akawal:
Na gode ƙwarai, 'yan'uwa, Allah ya saka da alheri. Likita, na je na duba da fitila yanzu, akwai zobba marasa zurfi a ƙafafun gaba, kuma gaskiya na ƙara masa hatsi watanni uku da suka wuce, don haka zan nemi a ɗauki hoton kafin komai. Idan tafin ya isa, niyyata in sa a manna masa kwana biyu kafin tafiya, in gwada shi a kusa, in cire washegarin dawowa, kuma zan tafi da takalmin maɗauri ɗaya a jaka ko da wani zai fita a hanya. Baba, ban rufe ƙofar ƙusa ba, idan mai gyaran nawa ya ce bai ƙware a gam ba, ba zan bari ya koya a kan dokina ana saura kwana biyu ba. Abin da ya rage mini shi ne ƙafafun baya. Bai taɓa nuna ciwo a cikinsu ba. In manna huɗun, ko na gaba kaɗai?

ƊanMagagari:
Ƙafafun gaba suna ɗauke da kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin doki, shi ya sa su ne suke fara kuka. Amma a hawan tudu na baya ne suke turawa, kuma bakinsu yana saurin cinyewa a kan dutse. Ni a tafiyar kwana biyar zan manna huɗun.

BabaShamaki:
Ni kuwa zan bar na baya yadda suke, in riƙa dubawa kowace yamma idan an sauka. Ka auna tsawon bangon da zare kafin ku tashi, ka sake aunawa a rana ta uku, ka zo ka faɗa mana abin da ka gani.